Santimita Tara

Baba Sittin ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙa bas ɗin kwaleji, kuma a duk tsawon shekarun nan allurar motarsa ba ta taɓa wuce sittin ba. Daga nan sunan ya samo asali. Sunansa na yanka yana nan cikin fayil a ofishin ma'aikata, amma ko matarsa, in ranta ya ɓaci, Sittin take ce masa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya dariya sai da dalili, dalilin kuwa bai cika zuwa ba. Aji huɗu ya yi a makaranta aka cire shi aka kai shi gareji, inda ya shekara tara yana wankin noti a cikin kalanzir kafin a yarda ya riƙe sitiyari.

Aikinsa na kullum ba abin ba da labari ba ne. Ya ɗauko malamai da safe, ya mayar da su da yamma, wani lokaci a cire kujerun baya a loda masa alli da takardun jarrabawa. Sau ɗaya a shekara ne yake zama mutum mai muhimmanci, wato lokacin gasar kacici-kacici ta kwalejojin ƙasa. A ranar sai ya ɗauki ɗalibai huɗu da Malamar Gasa ya kai su inda ake yi. Sau ashirin da biyar ya kai su. Sau ashirin da biyar aka fitar da su a zagayen farko.

Kwamitin gasar yana da ƙa'ida mai kyau, in a takarda aka karanta ta. Don kada a cuci kowa, a kwalejin da ta fi kusa da tsakiyar ƙasa ake taruwa, kuma ana biyan kowace kwaleji kuɗin hanya gwargwadon nisanta. Yadda ake auna nisan kuwa, sakataren kwamiti ne yake shimfiɗa taswira a kan tebur, ya danne gefenta da kofin shayinsa, ya ɗora rula daga ɗigo zuwa ɗigo. Kwalejin su Baba Sittin santimita tara ce. Kuɗin santimita tara ake aiko musu.

To, rula ba ta san kogi ba. Tsakanin ɗigon nan biyu akwai kogi mara gada, sai jirgin fito da ke tsallakar da motoci sau biyu a rana, na ƙarshe ƙarfe uku na yamma. Akwai kuma dutsen da hanya take zagayawa awa uku, wanda rula take ratsawa ta tsakiya ko gumi ba ta yi. Kuɗin santimita tara ba ya kai su ko'ina, sai kwaleji ta yi ciko, kuma Ma'aji mutum ne da ciko ke sa wa ciwon kai. Abin da yake yankewa kullum shi ne masauki da abincin kwana ɗaya. Don haka sai ranar jajiberi wajen ƙarfe goma sha ɗaya ake sallamar su, su tarar jirgi ya tafi, su kwana a zaune cikin mota a bakin ruwa, su tsallaka da safe, su isa zauren gasa saura minti arba'in a kaɗa ƙararrawa, ido ja, wuya a sanƙare. Akwai shekarar da aka tambayi wani ɗalibinsu sunan kwalejinsa, ya ce a maimaita tambayar.

A kwaleji an daɗe da yanke hukunci a kan mai laifi.

"Da Baba zai taka motar nan kamar sauran direbobi, ai da sun riski jirgin ƙarfe uku," in ji Ma'aji, duk shekara, a bakin ofishinsa, da ƙarfi yadda za a ji. "Amma ina. Kunkuru muka ba makulli."

Baba Sittin ba ya tankawa. Motar ta girmi duk ɗalibin da ta taɓa ɗauka, ya kuma san abin da tayoyinta za su iya. Sau ɗaya, shekarar da aka yi masa aikin ido, an ba wani matashin direba makullin. Ya taka ɗari. Injin ya tafasa tun kafin rabin hanya, a bayan motar yashi ɗaliban suka dawo gida, ko zauren ba su gani ba. Wannan shekarar ba ta cikin ashirin da biyar ɗin, kuma babu mai tuna ta sai shi.

Maganar tana cinsa, gaskiya, tana cinsa ƙwarai. Mutum ya yi rayuwarsa bai taɓa ko ƙwarzane ɗan wani ba, a ce shi ne yake kayar da yara. Abin da yake so a duniya bai wuce a gane ba shi ba ne, hanya ce. Saboda haka duk shekara in sun dawo sai ya rubuta wa kwamiti wasiƙa. 'Yarsa ce take rubuta masa, da ta yi aure jikarsa ta gaje ta. Wasiƙar ba ta canzawa: gaisuwa, sannan abin da rula ta ce, sannan abin da mitar motarsa ta ce, sannan gayyata ga sakatare ya zo a tafi da shi sau ɗaya ya gani da idonsa, an tanadar masa kujerar gaba. Ba a taɓa ba shi amsa ba. Shekara ɗaya dai an aiko masa da kalanda.

Abu biyu ya tara a wannan tafiye-tafiye. Na farko akwati ne. A shekararsa ta farko ya ga an fito da kofin gasar za a sa shi a motar waɗanda suka ci, sai ya roƙi direbansu ya bar shi ya taɓa. Ba taɓawa ya yi ba, awo ya yi: tsayi taƙi biyu da yatsa uku, faɗi taƙi ɗaya da rabi har da hannuwa. Da ya dawo ya sa kafinta ya yi masa akwati daidai wannan awo, aka liƙa soso a ciki, don hanyarsu ramuka ce, kada kofi ya lotsa. Akwatin yana ƙarƙashin kujerar gaba tun daga ranar. Matarsa ta nemi ya ba ta shi ta riƙa zuba zare da allura, tunda ga dukkan alamu kofin ba ya sauri. Ya ce mata akwatin yana da mai shi.

Na biyu tambayoyi ne. A hanyar dawowa yaran ba sa barci, sai su yi ta maimaita tambayoyin da suka kayar da su, suna faɗin amsar da ta zo musu bayan an kaɗa ƙararrawa, wasu da hawaye. Shi kuwa yana tuƙi yana ji. A haka ya haddace ɗaruruwa. Bai san yawancin abin da suke nufi ba, ya dai san wannan tambaya ga amsarta, kamar yadda ya san wane noti ne na wace ƙusa. Da yake ya hana karatu a cikin motarsa, don duban takarda mota na tafiya yana kawo amai, sai ya zama shi ne ke yi wa yara tambaya a hanyar zuwa. Yaran farko-farko suna amsawa. Na baya-bayan nan sai su toshe kunnuwa da wayoyinsu. Malamar Gasa ma ta taɓa ce masa, cikin ladabi, "Baba, kai dai ka ji da ramuka, mu za mu ji da tambayoyi."

A shekararsa ta ƙarshe kafin ritaya, tsohon sakatare ya bar aiki. Sabon da ya zo ya buɗe wata durowa ya tarar da wasiƙu ashirin da biyar ɗaure da roba. Bai karanta su ba, ya dai ƙirga su. Sai kwamiti ya ba da sanarwa cewa daga bana za a riƙa zagayawa da gasar kwaleji zuwa kwaleji, kuma za a fara da wadda ta fi kowa ƙorafi. Batun rula kuwa, an bar shi yadda yake.

Baba Sittin ya kai labarin gida da azahar, ya tarar da matarsa tana shanya.

"To, ka ci nasara," ta ce. "Yanzu ina za ka kai su?"

"Daga ɗakin kwanansu zuwa zaure. Da ƙafa ma za su je."

"Wato shekara ashirin da biyar kana rubutu don a hana ka tafiya."

"Don yara su yi barci," ya ce. "Bana za a gani. In sun kwana a gadonsu suka ci, an san ba kawunansu ba ne, hanya ce."

"In suka faɗi fa?"

Ya shiga ɗaki. Ita kuwa ta ciro masa rigarsa mai kyau ta kai guga, don Shugaban kwaleji ya ce bana a ba shi kujera a cikin zaure. Bai taɓa shiga zauren gasa ba. A mota yake zama yana gadin jakunkuna.

Baƙi suka fara isowa kwana biyu kafin ranar, kowa ya sauko daga mota yana dafe da ƙugu yana tambayar wanda ya zaɓi wannan wuri. Baba Sittin yana tsaye a bakin ƙofa yana kallonsu, an kuma lura ranar ya ci abinci da yawa.

Ranar jajiberi da hantsi aka kira shi ofishin Shugaba ya ɗauki kujeru. Ya tarar da Shugaba da Ma'aji da Malamar Gasa fuskokinsu sun yi haske. Ashe wata ƙaramar kwaleji ce daga can ɗaya ƙarshen ƙasar ta bugo waya. Ba su da motar kansu, motocin haya suka yi ta hawa, sun tsallako kogi da jirgin safe, kuɗin rula ya ƙare musu daidai nan bakin ruwa. Kuma su ne ƙuri'a ta haɗa da masu masauki a zagayen farko.

"Ƙa'ida ta ce wanda bai zo ba ya faɗi," in ji Ma'aji. "Tsuntsu daga sama gasasshe. Gobe mun shiga zagaye na biyu, karon farko a tarihi."

"Abin tausayi ne," Shugaba ya ce, yana ƙoƙarin gyara fuskarsa. "Amma babu mai a kasafi."

Baba Sittin ya ajiye kujerar da ya ɗauka. Ya san wurin nan. Ya san inuwa ɗaya ce a bakin ruwan, ta wata rumfar kwano, kuma da azahar inuwar take guduwa.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "in ba su zo ba, me aka gwada?"

"Baba, wa ya ce gwaji muke nema? Zagaye na biyu muke nema."

"Ni gwaji nake nema. Akwai jarka biyu na mai da nake ajiyewa saboda tafiya, bana ba a yi tafiya ba. A ba ni izini."

Shugaba ya dubi Ma'aji, Ma'aji ya dubi silin. Babu wanda yake son a ce daga bakinsa aka ji a bar 'ya'yan mutane a bakin ruwa. Shugaba ya ce shi bai ce a je ba, bai kuma ce kada a je ba. Baba Sittin ya ɗauki wannan a matsayin izini.

Awa biyar ya yi, a kan sittin. Ya same su a inda ya zata, inuwar ta gudu ta bar su: yara huɗu da wani siririn malami riƙe da jakar leda. Babbarsu wata yarinya ce mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Malamin ya fara jawabin godiya, Baba Sittin ya katse shi ya karanta musu dokokin motarsa. Ba a karatu. Ba a rufe taga. Awa biyun farko barci ne, ko mutum yana ji ko ba ya ji. Ya ba su ruwa da burodin da ya saya a hanya, ya tayar da mota.

Sun yi barcin, har da malamin, baki buɗe. Da suka farka motar ta yi tsit, irin shirun yaran da suka tuna abin da ke jiransu gobe. Baba Sittin ya san wannan shiru, kuma magani ɗaya ya sani. Bai yi shawara da kowa ba, bakinsa ne kawai ya yi abin da ya saba.

"Ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin mutum, a ina yake?"

Mai tabarau ta ce, "Baba, da mu kake?"

"Akwai wasu a motar?"

"A cikin kunne."

"Hasken rana, minti nawa yake yi kafin ya iso mu?"

"Takwas da ɗan abin da ba a rasa ba," wani ya ce daga baya.

"Ƙashin wuyan raƙumin dawa nawa ne?"

Ɗaya ya ce ashirin, ɗaya ya ce sha huɗu. Baba Sittin ya kauce wa rami.

"Bakwai ne. Daidai da naku. Wannan ta kayar mana da wata yarinya shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ta yi kuka tun daga dutse har bakin ruwa. Yanzu likita ce."

Yaran suka matso kujerun gaba. Awa uku yana tambaya suna amsawa, in sun kuskure ya gyara, ya faɗa musu wanda ta kayar da shekarar da ta kayar da shi. Malamin ya tambaye shi inda ya yi karatu. Ya ce a nan, ya buga sitiyari. Shekaru ke nan rabon da wani ya saurare shi haka, kuma ba zai ɓoye ba, ya ji daɗi. Sun shigo kwaleji ana kiran magariba. Ya raka su har ɗakin baƙi, ya tabbatar akwai katifa biyar, sannan ya tafi gida.

Washegari ya sa rigarsa mai guga ya zauna a layi na uku. Zauren bai kai girman da ya zata ba. Yaran kwalejinsa huɗu suna dama, sun yi barci, sun yi wanka, sun yi tsaf, sai dai iyayensu da ƙannensu sun cika zauren, duk wanda ya ɗaga kai sai ya haɗa ido da mahaifiyarsa. Baƙin suna hagu. Aka yi ta fafatawa, ci nan, ci can. Shi kuwa duk tambayar da ta fito leɓensa yana motsi, har matar da ke kusa da shi ta ɗauka addu'a yake yi. Aka zo tambayar ƙarshe maki ɗaya ne tsakani, masu masauki a gaba, tambayar kuma ta maki biyu ce, ta wanda ya riga danna ƙararrawa.

Alƙali ya gyara tabarau ya karanta: "Ƙashin wuyan raƙumin dawa nawa ne?"

Baba Sittin ya runtse ido. Ya ji ƙararrawa, daga hagu.

Sau ashirin da shida ke nan. Baƙin kuwa da suka samu hanya ba su tsaya ba, suka yi ta ture kwalejoji har yamma, kofin ya ƙare a hannun yarinya mai tabarau.

Ma'aji ya tare shi a bakin zaure.

"To Baba, ga shi sun kwana a gadonsu. Ashe ba hanya ba ce."

"Ba direba ba ne kuma," in ji Baba Sittin. "Waɗanda suka ci, ni na kawo su. A kan sittin."

Wannan ita ce amsar da Baba Sittin ya jira shekara ashirin da shida ya ba Ma'aji, kuma da ya ba shi sai ya ji ba ta da daɗin da ya zata. Yaransa suna zaune a kan matakala, kowa ya sunkuyar da kai. Ya je ya tsaya kusa da su. Ƙaramarsu ta ɗago ta ce, "Baba, bakwai ne. Na sani fa. Hannuna ne ya ƙi."

"Na sani," ya ce. A da yana da kwana biyu na hanya da zai lallashe su a ciki. Bana babu hanya, sai kowa ya bi iyayensa gida.

Da safe shi ya mayar da baƙin bakin ruwa, da jarka ta biyu. Kuɗin kyautar da suka ci zai kai su gida daga can. Mai tabarau ta shigo rungume da kofin, ta zauna a gaba. Ramin farko da suka faɗa, kofin ya bugi ƙarfen kujera ya yi ƙara. Baba Sittin ya gangara gefen hanya ya tsaya. Ya sunkuya ya jawo akwatin, ya hure ƙurar da ke kansa, ya buɗe. Soson ya yi ja saboda tsufa.

"Sa shi a nan."

Ta sa. Kofin ya zauna daram, babu ragi babu ƙari, murfin ya rufe kamar tare aka ƙera su.

"Baba, ya aka yi ya yi daidai haka?"

"An auna," ya ce, ya tayar da mota.

A bakin ruwa ta buɗe akwatin za ta ciro kofin ta mayar masa da kayansa. Ya dafe murfin.

"Ku tafi da shi. Hanyarku ma ramuka ce."

Ya tsaya har jirgin ya kai tsakiyar kogi, sannan ya juya. Ya dawo shi kaɗai, awa biyar, ƙarƙashin kujerar gaba wayam, ƙafarsa tana ta neman abin da ta saba tokara. Da ya isa gida jikarsa ta fito da takarda da biro kamar kowace shekara, ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Kaka, me za a rubuta wa kwamiti bana?"

Ya cire takalmansa, ya daɗe yana kallonsu.

"Rubuta musu gaisuwa," ya ce. "Sannan ki ce akwai wata kwaleji a can ƙarshen ƙasa da kuɗinsu yake ƙarewa a bakin ruwa. Ki ce baɗi babu direban da zai je ɗauko su."